Harshe da Neman Magani: Yadda Bahaushe Ke Bayyana Damuwarsa

Gabatarwa

Ranar 14 ga Afrilu, 2014, bom ya tashi da sanyin safiya a tashar motar Nyanya, ya hallaka fiye da mutum 70. Ta wannan tasha ce mazauna Mararaba da Masaka da Uke da sauran garuruwan kan hanyar Keffi suke bi zuwa wuraren aikinsu a Abuja. Waɗanda suka ji rauni an kai su asibiti an ɗinke su. Amma akwai waɗanda suka fita ba ko ƙwarzane, sai dai barci ya ƙaurace musu, ƙarar tayar mota ta fashe sai su zabura. Irin wannan mutum, in ya je neman taimako, me zai ce yana damunsa? Wannan maƙala za ta dubi kalmomin da Bahaushe yake amfani da su wajen bayyana damuwa, da yadda saninsu zai taimaka wajen gane wanda ya cancanci a kai wa kuka.

Jiki ne ke magana

Abu na farko da ɗalibi zai lura da shi shi ne, Bahaushe bai cika sanya kansa a matsayin aikau ba idan yana maganar abin da ke ransa. Wani sashe na jikinsa yake turawa gaba. Dubi waɗannan misalai:

Gabana ya faɗi.
Hankalina ya tashi.
Raina ya ɓaci.
Zuciyata ta tsinke.
Cikina ya ɗuri ruwa.
Jikina ya mutu.

A duk jimlolin nan, gaba da hankali da rai da zuciya da ciki da jiki su ne aikau, mai maganar kuwa ya koma ɗan ƙaramin wakilin suna na mallaka. Ko inda ya fito fili ma, sau da yawa da aikatau mai ƙarewa da wasalin -u yake fitowa, wato giredi na 7 a rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960: ya kaɗu, ya taɓu, ya motsu, ya damu. Aikin wannan giredi shi ne nuna wanda abin ya faɗa wa. Ita kanta kalmar damuwa daga dama take, kamar yadda ake dama fura. Wanda ya damu, an gauraya shi ke nan.

Wannan ba ƙwalisar nahawu ba ce kawai. Matar da ta rasa ɗanta takan ce wa likita tana da ciwon zuciya. Likitan da bai zauna cikin harshen ba sai ya auna jini, ya saurari bugun ƙirji, ya ce lafiyarta lau. Ita kuwa baƙin ciki take nufi. Ta koma gida da tunanin asibiti ba shi da maganin irin nata ciwon.

Hauka da 'yan'uwanta

Matsala ta biyu ita ce, kalma ɗaya ta danne saura. Da an ce asibitin ƙwaƙwalwa, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne hauka, da mahaukaci mai yawo a bola. A Kano, in aka ce wa mutum sai an kai shi Dawanau, ba kasuwar hatsi ake nufi ba. Saboda nauyin kalmar aka samo masu sauƙi, kamar taɓin hankali da motsuwa, wasu kuma su jingina abin ga iska ko sammu. Amma duk a rumfa ɗaya jama'a ke tara su, alhali firgici da fargaba da ɗimuwa da baƙin ciki mai daɗewa kowane da sha'aninsa, kuma mai fama da su yana cikin hankalinsa sarai. Ita ma doka ta daɗe da wannan kallo. Dokar 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916, tsare mahaukata ta fi mayar da hankali a kai. Sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi haƙƙoƙin marar lafiya.

Kalmar da likitoci ke amfani da ita ga abin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali daga Girkanci take, ma'anarta rauni. A ganina mikin zuci ya fi kusa da ita a Hausa, domin miki yana warkewa, ana kuma iya fama shi. Alamominsa sanannu ne: mugayen mafarkai, abin ya riƙa dawo wa mutum kamar yanzu yake faruwa, gudun wurin da ya faru, da yawan razana. In sun wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, lokacin neman taimako ya yi.

Haƙuri da kunya

A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya sanya haƙuri da kunya cikin manyan siffofin da ake yabo. Gaskiya ne. Sai dai su biyun ne kuma suke rufe bakin mai ciwo. Ka fara ba da labari, a ce ka yi haƙuri, magana ta ƙare. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba za ta furta kalmar ba, sai dai ta ce an ɓata ta, ko ta yi shiru. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wa za a kai wa kuka?

Ya kamata a bambance mutum biyu. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne, yana rubuta magani. Masanin halayyar ɗan'adam kuwa da zama da tattaunawa yake aikinsa, mako bayan mako. Ana samun sashen wannan aiki a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, akwai kuma asibitocin tarayya na musamman a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri.

Takardar shaida wajibi ce, amma a zaman farko kunnensa za ka gwada. In ka ce gabanka na faɗuwa, ya tambaye ka yaushe, kuma me ke zuwa ranka a lokacin? Ko ya wuce kawai? Ya gaya maka cewa sirrinka ba zai fita ba? In ka ce ka je wurin malam an yi maka ruƙiyya, ko wurin fasto, ya yi maka dariya? Nagari ba ya yi. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, a tsarin da ya fara a Aro ta Abeokuta a 1954, ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Haka kuma, wanda ya yanke maka hukunci kan addininka ko ƙabilarka ko rashin aurenka, kana da damar ka canza shi, ba rashin kunya ba ne.

Akwai kuma batun tafinta, kuma a nan ne abin ya shafe mu kai tsaye, 'yan'uwa ɗalibai. A yankin Uke da Keffi, Hausa ce ke haɗa Gbagyi da Gwandara da Fulani da sauransu, ma'aikacin asibiti kuwa mai yiwuwa daga kudu ya zo. Sau da yawa miji ko ɗa ake sa wa ya fassara. Matar da mijin ne sanadin ciwonta, me za ta ce? Uwa kuwa ba za ta faɗi abin kunya ta bakin ɗanta ba. Mai neman magani ya roƙi a samo masa tafintan da ba danginsa ba. Wanda aka kira wannan aiki daga cikinmu kuma, ya mayar da maganar yadda aka faɗe ta: in ta ce zuciyarta ta tsinke, ya ce haka, ya bayyana wa likita ma'anar, ya bar likita ya yi tambayarsa.