Darasi na Goma Sha Huɗu: Zaɓen Wurin Nutso a Lokacin Hutu

Karatu

Duk wanda ya tashi daga birnin Gombe ya nufi gabas, bayan tafiyar kimanin kilomita 40 zai iske Dadin Kowa, a ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba. A nan ne aka tare Kogin Gongola da madatsa a shekarun 1980, ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin gaske. Da shi ake noman rani, a cikinsa masunta ke neman abinci, daga nan kuma ake turo wa Gombe ruwan famfo. A ranakun hutu mutane kan je su sha iska a bakinsa. Idan matashi ya ga ruwan a kwance, sai ransa ya raya masa ya faɗa ciki ya ga abin da ke ƙasa. Tambayar darasinmu ita ce: wane irin ruwa ne ya dace da nutso, kuma yaya ake zaɓensa?

Da farko mu bambance kalmomi biyu da ɗalibai kan haɗa. Iyo ko ninƙaya shi ne tafiya a saman ruwa. Nutso kuwa shi ne shiga ƙarƙashinsa. Hausawa sun daɗe da sanin nutso. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, akwai wasannin Kabanci, inda masunta ke gasar tseren kwalekwale da kamun kifi da hannu da daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Jarinsu numfashi ɗaya ne tak, kuma ba mai shiga kogin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini.

Nutson zamani ya sha bamban. A 1943 wasu mutanen Faransa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska daga tulun ƙarfe da ya goya a baya. Da wannan tulu, da tabarau mai rufe ido da hanci, da takalman roba masu kama da ƙafar agwagwa, mutum na iya yin minti arba'in ko fiye a ƙarƙashin teku yana kallon kifaye da murjani. A yau akwai masaukai a bakin teku waɗanda sana'arsu ke nan: su saukar da baƙo, su koya masa, su kai shi cikin ruwa.

To, Dadin Kowa fa? A ganina tafkin ya dace da kallo da shiga kwalekwale tare da masuntan da suka san shi, amma bai dace da nutso ba. Da damina kogi kan kwaso laka, ruwan ya gurɓace har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Akwai dorinai a cikinsa, dorina kuwa ba ta san baƙo ba. Kusa da madatsar ruwa na ja da ƙarfi ta inda ake sakinsa. Ga kuma tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance inda katantanwa ke zaune. Wanda ke son ruwa garau kusa da gida, gara ya nufi Yankari a jihar Bauchi. Maɓuɓɓugar Wikki tana da ɗumi kimanin digiri 31 dare da rana, ana hango yashin ƙasanta, sai dai zurfinta bai kai mita 2 ba. Wurin iyo ne, mai tulun iska ba shi da aikin yi a can.

Saboda haka mai son nutso na sosai sai ya dubi teku. A nahiyarmu Bahar Maliya ta yi suna, musamman garuruwan Hurgada da Sharm el-Shek a ƙasar Masar. Babu wani babban kogi da ke zuba laka a cikinta, don haka ruwanta fes yake, sau da yawa ana ganin abin da ke nisan mita 20 ko fiye. Tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya shi ma ana zuwa, amma daga Maris zuwa Mayu ruwan sama kan yi yawa. Mai hikima yakan tambayi yanayin wata kafin ya sayi tikiti.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne zaɓen masauki saboda hotunan ɗakuna da na abinci da suka gani a intanet. Katifa mai laushi ba ta ceton wanda iskarsa ta ƙare a zurfin mita 15. Abin da ya kamata a fara bincika shi ne masu koyarwa. Shin suna da takardar shaida daga ƙungiyar da duniya ta sani, irin su PADI? Mutum nawa malami ɗaya yake shiga ruwa da su? Yaushe aka duba tulunan iska? Idan suka ce za su kai sabon shiga zurfin mita 30 a ranar farko, a tattara kaya a bar wurin. Takardar matakin farko ba ta ba mutum damar wuce mita 18, kuma ko ƙwararren mai nutson nishaɗi ba ya wuce mita 40.

Dalilin wannan tsanani yana cikin nauyin ruwa. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke saman ƙasa. Wato a mita 10 ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. A cikin wannan matsi, iskar naitirojin da mutum ke shaƙa tana narkewa a jininsa. Idan ya taso a hankali, sai ta fita ta huhu salin alin. Idan ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a jiki, kamar yadda lemon kwalba ke yi in an buɗe shi farat ɗaya. Wannan kan jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma rasa rai. Maganinsa shi ne a sa mutum a wani ɗaki na musamman da ake matsa iska a ciki. Don haka tambaya ta gaba ga masu masauki ita ce: ina ɗakin matsin iska mafi kusa, kuma tafiyar awa nawa ce? Saboda wannan dalili ne kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 bayan nutson kwanaki a jere. Wanda zai komo Gombe ranar Asabar, ya yi sallama da teku tun ranar Alhamis ko safiyar Juma'a.

Kuɗi kuwa, a tambaya ko farashin ya haɗa da hayar kaya da kuɗin jirgin ruwa. Mai asma ko ciwon zuciya ko na kunne ya ga likita tun yana gida.

Ma'anar Kalmomi

Madatsa: ginin da ake tare kogi da shi.
Masunta: masu sana'ar kamun kifi, tilonsa masunci.
Garau: mai tsabta, wanda ake ganin cikinsa.
Salin alin: cikin lumana, ba tare da matsala ba.
Farat ɗaya: nan take, ba shiri.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin iyo da nutso?
2. Kawo dalilai uku da suka sa Dadin Kowa bai dace da nutso ba.
3. Me ya sa ruwan Bahar Maliya yake fes?
4. Bayyana da kalmominka abin da ke faruwa ga wanda ya taso daga zurfi da gaggawa.

Nahawu: Kwatanci

Idan za a gwada abu biyu, Hausa na amfani da fi, ko kai, ko gara. Misali: Dadin Kowa ya fi Wikki zurfi. Dadin Kowa bai kai Wikki tsabta ba. Gara a je Zanzibar a watan Yuli da a je a watan Afrilu. Ku lura, sunan abin da ake gwadawa a kansa, wato zurfi ko tsabta, yana zuwa ne bayan sunan abu na biyu.

Aikin Gida

Rubuta wasiƙa mai layi goma zuwa ga manajan wani masauki a bakin teku, ka yi masa tambayoyi huɗu da kake son amsarsu kafin ka biya kuɗi. Yi amfani da kwatanci sau biyu a cikinta.