Yadda Ake Wanke Matashin Kai Idan Ya Yi Jirwaye

Muna roƙon kowa, idan ya koma gida yau, ya cire rigar filonsa ya duba abin da ke ciki. Mu da muka duba namu, kunya ta kama mu. Rigar tana fes, amma filon kansa ya yi rawaya, ga jirwaye kamar taswirar da ake zana mana a allo.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne labarin wata 'yar ƙungiyarmu da ke zaune a nan Ƙofar Kaura. Ƙanenta yana yawan atishawa da tari da dare, da safe kuma ya tashi hanci a toshe. Da aka kai shi asibiti aka ba shi magani, sai ma'aikaciyar lafiya ta ce a riƙa kula da tsaftar shimfiɗarsa, har da matashin kai. Kuɗin sayen sababbi ga yara biyar ba ƙarami ba ne, don haka muka ce bari mu koyi wankin. Mun tambayi iyayenmu mata da malamar kimiyya, mun gwada da hannunmu, har mun yi ɓarna kafin mu iya.

Me ke sa filo ya yi rawaya?

Idan mutum yana barcin awa 8 kullum, kansa yana kan filo kashi ɗaya cikin uku na rayuwarsa. A wannan lokaci zufa tana sauka, miyau yana dalala, man kitso da basilin suna ratsa rigar su shige ciki. A Katsina, zafin watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, ga ɗaukewar wuta, sai mutum ya farka filo ya jiƙe sharkaf. Idan ruwan ya bushe, gishiri da maiƙo sukan zauna a cikin yadin, su ne ke komawa rawaya. Malama ta ƙara mana da cewa akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, suna zama a filo da katifa, suna cin ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu. Kashinsu ne ke tayar wa wasu mutane da atishawa da asma.

Kafin ka taɓa ruwa, san irin filonka

A nan muka fara yin kuskure. Mun ɗauki filon audugar rimi muka tsoma shi gaba ɗaya a baho. Audugar ta dunƙule, waje ya bushe, ciki bai bushe ba. Bayan kwana uku ya soma warin ruma, dole aka zubar da audugar, muka sha faɗa. Filo iri uku ne a gidajenmu, kowanne da wankinsa:

Na audugar rimi ko audugar gona: ba a jiƙa shi. Ana farke ɗinki, a juye audugar, a wanke buhun yadin kaɗai.

Na faiba, wato farar audugar roba ta kanti: ana iya wanke shi gaba ɗaya.

Na soso: ana wanke shi a hankali, ba a murɗe shi, don yagewa yake yi.

Kayan aiki

Babban baho, ruwa mai ɗumi, garin sabulu ko sabulun wanki, farar kanwa, lemun tsami guda 2 ko 3, tsohon buroshin haƙori, da igiyar shanya ko tabarma mai tsafta. Idan ruwan 'yan garuwa kuke saye, jarka ɗaya mai lita 25 ta ishe mu filo ɗaya na faiba, da muka yi tattali.

Matakan wanki

1. Fara da safe, don filo ya samu ranar yini guda. Cire rigar, ka bubbuge filon a waje ƙura ta fita. Duba ɗinki, idan akwai inda ya farke, a ɗinke tukuna.

2. Daka kanwa kamar cokali 2, ka jiƙa ta a kofi, ka tace tsakuwar. Zuba ruwan a baho mai ruwan ɗumi, ka ƙara sabulu kaɗan. Kanwa tana narkar da maiƙo. Kada ka cika sabulu, fitar da kumfa daga cikin filo aiki ne.

3. Tsoma filon, ko buhun yadin idan na auduga ne, ka bar shi ya jiƙu kamar awa ɗaya. A tsakiyar lokacin ka juya shi.

4. Goga sabulu a inda jirwayen ya fi duhu, ka dirje da buroshi. Sauran jikin kuma dannawa ake yi ana saki, kamar mai kwaɓa fulawa. Za ka ga ruwan ya koma ruwan ƙasa.

5. Ɗauraye sau 3 ko fiye, har sai ka matsa ba kumfa. Sabulun da ya rage a ciki shi ma yana jawo rawaya. Ruwan ɗaurayar kada a zubar, a wanke ban-ɗaki da shi.

6. Idan tabo ya rage, matsa lemun tsami a kai, ka shanya a rana, daga baya ka sake ɗauraye wurin. Kada ka zuba lemun tare da kanwa a baho ɗaya. Kumfa kawai za su yi, kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa.

7. Shanya filon faiba a kwance a rana, kana juyawa kana bubbugawa duk bayan awa biyu. Na soso kuwa a inuwa mai iska za a sa shi, domin rana mai zafi tana sa soso ya ƙara rawaya ya riƙa marmashewa. Audugar rimi a baza ta a tabarma inda ba iska sosai, a tsattsage dunƙulen da hannu, sannan a mayar a ɗinke.

8. Kafin ka kwanta a kai, matsa tsakiyarsa ka sansana. Idan da sanyi-sanyi ko ɗan wari, bai bushe ba, a ƙara masa kwana.

Gargaɗi

Kada a taɓa haɗa ruwan bilic, irin su Hypo, da lemun tsami ko maganin wanke masai. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke cutar da huhu. Bilic ma yakan ƙara wa tabon zufa rawaya, kuma yana lalata soso. A ɗauke baho mai ruwa daga inda jarirai ke rarrafe. Ruwan kanwa yana busar da hannu, a shafa mai bayan an gama. A guji wannan wanki ranar da hadari ya haɗo. Lokacin rani ya fi, amma da hunturu a rufa filon da siririn mayafi saboda ƙura.

Abin da muka gani

Filon faiba biyu sun yi haske sosai, warin ya tafi. Na soso ya fita daga datti, amma launinsa bai dawo fari ba, domin soso da kansa yake canja launi idan ya tsufa. Ƙanen 'yar'uwarmu yana ci gaba da shan maganinsa, wanki ba ya maye gurbin asibiti, amma yanzu a kan filo mai tsafta yake kwana.

Rigakafi ya fi magani. A wanke rigar filo duk mako, a sa wa filo riga biyu, a fitar da shi ya sha iska duk ranar Asabar. 'Yan mata su ɗaura ɗankwali idan sun yi sabon kitso, kuma kada kowa ya kwanta da jiƙaƙƙen gashi. Samari, wannan aiki har da ku, ba na Yaya da Umma kaɗai ba ne. Wanda ya gwada a ƙarshen makon nan, ya rubuto mana yadda ta kaya, mu liƙa a allo a fitowa ta gaba.

Allah Ya ƙara mana lafiya.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare