Yadda Ɗan Foka Ke Yanke Shawara Idan Kati Ya Yi Wuyar Sha'ani

Foka wasan karta ne da ya bunƙasa a Amurka, kuma nau'insa da ya fi yaɗuwa shi ne na Teksas, wanda a cikinsa ake ba kowane ɗan wasa kati biyu a rufe, sannan a baje biyar a tsakiyar tebur, uku a tashi ɗaya, sai na huɗu, sai na ƙarshe, kowa ya haɗa da nasa ya fitar da biyar mafi ƙarfi. A zaman tsabar kuɗi, saɓanin gasar duniya da aka fara a Las Begas a 1970, kowace kwandalar roba da ke gaban mutum kuɗi ce ta gaske, don haka kuskure ɗaya kan taɓa aljihu nan take. Caca ce, kuma haramcinta a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, sai dai lissafin da ke cikinta ya ja hankalin masana irin su John von Neumann da Oskar Morgenstern, waɗanda a littafinsu na 1944 suka nuna cewa burga, wato zuba kuɗi da kati mara ƙarfi don a razana abokin karawa, wajibi ce ga mai son ya yi wasa daidai.

Matakan farko ba sa ɗaukar lokaci a wurin gwani, domin tun kafin rabo ya san wanda zai yi magana a bayansa da yawan kuɗin da ke gaban kowa, kuma yana riƙe da duk abin da aka zuba a kowane zagaye a kansa. Wahalar takan zo ne bayan katin ƙarshe. A ɗauka yana riƙe da A da Q, tebur kuma ya nuna A, 9, 4, 7, 2, inda 9 da 4 kaɗai suka zo jinsi ɗaya, sai abokin karawa ya zuba dala 200 a kan 300 da ke tsakiya. Abin da zai fara fitarwa shi ne farashi: zai sa 200 don neman tulin da zai zama 700, ke nan idan yana cin nasara sau 29 cikin 100, amsawa ba asara ba ce.

Daga nan ne ƙwarewa ke bayyana, domin sabon shiga yakan tsaya yana ƙoƙarin cankar kati biyun da ke hannun abokinsa, alhali gwani yana ƙirga dukkan haɗin da ya dace da yadda mutumin ya zuba kuɗi tun farko. Tunda tara guda uku suka rage, hanyoyi 3 ne kawai na riƙe tara biyu, haka ma huɗu biyu, A da 9 kuma hanyoyi 6, saboda A biyu kaɗai suka saura. A da K kuwa sai a cire su idan mutumin bai yi ƙari ba kafin a baje katin tsakiya, domin mai irin wannan kati ba kasafai yake shiga da sanyin jiki ba. Idan waɗannan kaɗai suka dace da zubinsa, haɗi 12 ke nan da suka fi nasa, kuma bisa farashin da ya fitar, yana bukatar haɗi 5 na burga kafin ya amsa. Zai neme su ne a cikin waɗanda suka yi ta jiran kati biyar jinsi ɗaya bai zo ba, kamar K da J, ko J da 10, na jinsin 9 da 4. A nan ne da yawa ke tuntuɓe, domin idan Q ɗin da ke hannunsa daga wannan jinsin take, to shi da kansa ya toshe K da Q, Q da J, da Q da 10, burgar da yake fata ta ragu da uku, kuma katin da yake gani kamar ya ƙara masa ƙarfi shi ne ke ba shi dalilin janyewa. Yin wannan ƙidaya a ka, cikin hayaniya, ana zuba wa mutum ido, abu ne da ke bukatar shekaru, kuma duk wanda ya ga tsohon ɗan wasa yana yin ta cikin natsuwa zai gane dalilin da ya sa 'yan'uwansa ke ganin girmansa.

Sai bayan lissafi ake duban mutum. Gogaggun 'yan wasa sun lura cewa a teburan ƙananan kuɗi mutane ba su cika yin burga da babban zubi a zagayen ƙarshe ba, don haka haɗi 5 a lissafi kan iya zama 2 a hannun mai taka-tsantsan. Mike Caro, wanda ya yi suna wajen nazarin alamun jiki a foka, ya koyar cewa mai nuna ƙarfi da gangan yawanci rauni gare shi, mai nuna rauni kuma ƙarfi, amma irin wannan alama tana rinjayar da shawara ne kawai idan lissafi ya tsaya kunnen doki.

Idan ya gama, sai ya furta shawararsa da baki kafin ya taɓa kuɗi, domin a dokar gidajen wasa abin da mutum ya faɗa a lokacinsa ya ɗaure shi, kuma idan janyewa ya zaɓa, yakan tura katinsa a kife ga mai rabo ba tare da ya nuna wa kowa abin da ya ajiye ba.