Ɗalibin Likitanci da Wayarsa: Yaushe Abin Ke Zama Cuta?

Ɗalibin likitanci ba ya iya rabuwa da waya. A cikinta darussan malamai suke, a rukunin WhatsApp na aji kuma ake sanar da zagayen marasa lafiya da ranar jarrabawa. Nan gizo ke saƙar, domin wannan wayar ce ke ɗauke da TikTok, wasannin bidiyo da cacar ƙwallo. Sai ya buɗe ta don bitar jijiyoyin hannu, bai farga ba har an kira assalatu.

Yawan awowi kaɗai ba ya nuna jaraba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka, da alamomi uku: kasa dainawa, fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba duk da ganin illa, yawanci har tsawon wata 12. Ka auna mu'amalarka da waya da waɗannan alamomi.

Sau da yawa wayar mafaka ce. Wani nazari da mujallar JAMA ta Amurka ta wallafa a 2016, daga ƙasashe sama da 40, ya gano kusan kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban likitanci suna da alamun ciwon damuwa, amma ƙasa da kashi 16 cikin ɗari na masu alamun ne suka nemi magani. Tsoron faɗuwa jarrabawa yana tura ɗalibi ga waya, wayar ta cinye barcinsa, rashin barcin ya raunana hadda ya ƙara tsoron.

Don haka fara da dare. Ajiye wayar nesa da shimfiɗa awa ɗaya kafin kwanciya, ka nemi barcin awa 7. Sauke darussa tun da rana, ka kashe data lokacin karatu. Goge manhajar caca gaba ɗaya. Yi muraja'a da abokai ido da ido, ka riƙa motsa jiki.

Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya wuce mako biyu, je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwarku. Idan tunanin kashe kai ya zo, ka faɗa wa wani a ranar. Shawarar da za ka ba majinyaci gobe, kai ma ka cancanci ka bi ta yau.