Kafin Ka Huda Bango

Ɗana, tunda an fara tura ka ɗaura esi kai kaɗai, zauna ka ji. Ɗaure noti kowa ya iya. Sanin inda za a ajiye injin waje shi ne aikin. Kafin ka huda bango, zagaya gidan tukuna, ka ga inda rana take faɗuwa, inda ake girki, da inda yara suke wasa.

Aikin na'urar nan kwashe zafin ɗaki ne ta zubar a waje. Shi ya sa a Jamus da Ingila ake juya ta, ta ɗumama gida lokacin sanyi. In ka cusa ta a lungu, zafin da ta fitar shi za ta sake shaƙa, kwamfaresa ya yi ta nishi, kuɗin wuta ya hau, ɗaki kuma bai yi sanyi ba. Bar mata kamar santimita 30 a baya, gabanta kuwa mita guda ko fiye ba abin da ya tare. Guji bangon yamma. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato kan haura digiri 40, ga kuma ranar la'asar tana dukan ƙarfen. Ka kuma sa ta inda hannu zai kai, domin ƙurar hunturu takan toshe ragar bayanta, dole a riƙa wankewa.

Sai batun gas, nan ne rai yake ciki. Tsohon R22 da muka saba da shi ana janye shi a duniya, bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987. Cikin sababbin akwai R32 mai iya kama wuta, akwai R290, ɗan'uwan gas ɗin girki. Karanta takardar da ke manne a gefen injin kafin ka taɓa komai. Kowannensu ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya, ƙasa yake bi ya taru a rami. Don haka nisanta injin daga bakin kwata da salga, daga murhu, tukunyar gas da janareta.

Ƙwanƙwasa bangon ka ji. Injin mai nauyin kilo 30 da ke karkarwa dare da rana ba abin ratayawa a ginin ƙasa ba ne. Zuba masa dandamalin siminti, ka ɗaga shi yadda ruwan damina ba zai taɓa shi ba. In za a yi masa keji saboda ɓarayi, ya zama mai wadatar iska, amma yatsan yaro ba zai kai fanka ba.

Kada ka manta da haƙƙin maƙwabci. Bututun ruwan da aka saki a lungu yakan tara gansakuka, dattijo mai tafiya sallar asuba ya zame. Kai ruwan magudana, kuma kada ka juya hucin injin da ƙararsa zuwa tagar wani.

Mai gida zai iya cewa a ɓoye injin don kada ya ɓata gaban gida. Saurare shi da ladabi, ka nuna masa dalili, ka ba shi wani wurin. In ya dage a kan inda ka san akwai haɗari, ba shi haƙuri ka ɗauki kayan aikinka. Arziki na Allah ne.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare hannunka.