Rabon Aiki Tsakanin Uwayen Garken Rajista a Tsarin Sadarwar Kamfani

1.0 Gabatarwa

Idan ma'aikaci ya shigar da sunansa da kalmar sirri a kwamfutar ofis, ba ita ce ke yanke hukuncin buɗe masa ko hana shi ba. Tambayar takan tafi ga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, wadda ke riƙe da kundin rajistar kamfani: sunayen ma'aikata da na'urori da izinin kowa. Wannan maƙala ta duba yadda uwayen garken rajista ke raba aiki a manhajar Active Directory ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito tare da Windows 2000, da kuma abin da kan biyo baya idan sun tsaya.

2.0 Ayyukan da ba sa jure shugaba biyu

A tsohon tsarin Windows NT, uwar garke ɗaya tak ke karɓar gyara, sauran kwafi kawai suke riƙewa. A Active Directory kuwa kowace na karɓar gyara, ta isar wa 'yan'uwanta. Duk da haka an ware ayyuka biyar, kowanne a hannun uwar garke ɗaya. Biyu sun shafi kamfanin gaba ɗaya: sauya fasalin kundin, da ƙara ko cire yanki, wato rukunin kwamfutocin da ke ƙarƙashin suna ɗaya. Waɗannan ba kullum ake buƙatarsu ba, mai riƙe da su na iya kwanaki a kashe ba wanda ya lura. Sauran ukun ana samun su a kowane yanki. Akwai mai daidaita sunayen da suka shigo daga wasu yankuna, akwai kuma mai rabon lambobin shaida, wadda ke ba kowace uwar garke 500 a lokaci guda. Idan ta tsaya aiki zai ci gaba, har ranar da lambobin suka ƙare aka kasa yi wa sabon ma'aikaci rajista.

Ta biyar, magajiyar shugabar tsohon tsari, ita ce aka fi saurin jin rashinta. Duk kalmar sirrin da aka sauya ita ake fara sanarwa, kuma idan wata uwar garke ta ga kalmar ba ta dace ba, sai ta tuntuɓe ta kafin ta hana mutum shiga. Ita ce kuma agogon yanki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙa'idar tantancewa ta Kerberos, wadda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka, a bisa saitin asali ba ta yarda saɓanin agogo ya wuce minti 5 ba. Sau da yawa abin da ake ɗora wa mantuwar ma'aikaci, laifin agogo ne.

3.0 Reshen da ke nesa

A ƙaddara kamfanin sayen amfanin gona mai hedikwata a Kano ya buɗe reshe a Yola ta yankin Ƙaraye da Rogo. Idan ba uwar garke a reshen, yankewar intanet na iya tsayar da aiki. Idan kuma aka ajiye cikakkiya, ɓarawon da ya ɗauke ta ya tafi da sirrin ma'aikatan yankin duka. Don irin wannan ne Windows Server 2008 ta zo da uwar garke ta karatu kawai: ba ta aika gyara ga kowa, kuma ba ta adana kalmar sirri sai ta waɗanda aka lamunce mata, wato 'yan reshen.

4.0 Yawan kwafi ba ajiya ba ne

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka tunda kowace na da kwafin kundin, ba a buƙatar ajiya ta daban. Hanyar da ke haɗa su don isar da gyara, ita ce ke isar da ɓarna. Ranar 27 ga Yuni, 2017, muguwar manhajar NotPetya ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk na ƙasar Denmark ta ofishinsa na Yukiren. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, kamfanin na da uwayen garken rajista kimanin 150 masu kwafar juna, kuma an shafe su kusan lokaci guda. Sauran kwamfutocin suna da ajiya, amma ba za su amfanu ba matuƙar babu kundin da zai ce wane ne wane.

Guda ɗaya ta tsira a ofishin Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin, ta yanke daga 'yan'uwanta. Ma'aikatan can ba su da bizar Ingila, inda ake aikin farfaɗowa, don haka wani ya kawo faifan Nijeriya ya miƙa wa abokin aikinsa a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin na wancan lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana a taron Davos na Janairun 2018 cewa sun sake ɗora manhaja kan uwayen garke 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana 10, kuma asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.