Darasi Na 14: Kare Mai Ɓarna

Da yawa cikinmu muna da kare a gida. Yana yi mana gadi da dare, yana raka mu farauta. Amma wani karen akwai ɓarna. Yau ya tauna takalmin yaro, gobe ya yayyage littafinsa. Yaro ya yi ta kuka, mu kuwa mu sake kashe kuɗi.

Me ya sa yake haka? Kwikwiyo yana da haƙora 28. Daga wajen wata 4 zuwa wata 7 yake famfara, manyan haƙora 42 su fito. Dasashinsa yana ƙaiƙayi, sai ya tauna duk abin da ya samu. Duka ba ya hana shi.

Ga abin da za mu yi. Mu koya wa yara su rataye jaka, su adana takalma a ɗaki. Mu ba kare babban ƙashin sa ɗanye, ya yi ta gaigaya. Kada mu ba shi ƙashin kaza, gama yana tsagewa ya soke shi. In ya haɗiye tsumma yana ta amai, mu kai shi wurin malamin dabbobi.

Mu gargaɗi yara kada su ƙwaci abu daga bakin kare. In ya ciji yaro, mu wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, mu kai yaron asibiti ran nan. Ciwon haukan kare kisa yake yi. Mu riƙa kai kare allura kowace shekara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Don me kwikwiyo yake tauna kaya?
2. In kare ya ciji yaro, me za mu yi?